Me Ya Kamata Mai Rumfa Ya Raba a Baje Koli?

A kasuwar Talata Mafara, mai awon shinkafa idan ya cika tiya yakan ɗebi ɗan hannu ya yi wa mai saye gyara. Mai kilishi ma ba ya jira a taya, ɗanɗano yake fara miƙawa. Babu wanda ya koya musu wannan a aji, amma sun san ƙaramar kyauta ce ke dawo da ciniki.

Ruɗanin yana farawa ne ranar da irin wannan ɗan kasuwa ya kama rumfa a baje koli. A na Kaduna, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ke shiryawa tun 1979, ko na Kano da ake ci a titin Gidan Zoo, zai tarar da bankuna da kamfanonin waya suna rabon huluna da riguna da biro. Sai ya ga kamar shi ma dole ne. Ya kwashi rabin kuɗin tafiya ya kai wa masu buga tambari, yara su wawashe kayan a wuni guda, ya koma gida ba dillali ko ɗaya. Babban kamfani so yake sunansa ya cika gari, kuma yana da kuɗin yin haka. Mai injin casar shinkafa daga Jangebe kuwa mutum goma yake nema, waɗanda za su riƙa ɗaukar buhu ɗari. Ga kuma wata: a arewa, hula da riga masu tambari sun zama kayan 'yan siyasa, har mai karɓa ba ya damuwa ya karanta abin da aka rubuta.

Yankin Mafara ba ya rasa abin nunawa. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato cikin ƙasar Maradun, an tsara ta ne don ban ruwan hekta 23,000 a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma shinkafa ce kan gaba a amfanin da ake samu. Saboda haka kyautar da ta fi yi wa mai shinkafa aiki ita ce shinkafar kanta, a ƙaramar leda da aka liƙe, daidai girki ɗaya. Tambayoyin mai sari sanannu ne: akwai tsakuwa? Tana karyewa? Tana da auki? Babu takardar talla da za ta amsa su kamar tukunyar uwargidansa. Haka ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli: ƙaramar kwalba ta fi musu hula dubu.

Sai dai ledar da ba ta da rubutu sadaka ce kawai. Dole ta ɗauki sunan mai kaya, da garinsa, da lambar waya da manyan baƙaƙe, da nauyi, da ranar da aka ɗura. Wanda ya yi rajista da hukumar NAFDAC ya sa lambar rajistar inda ido zai gani, domin manyan kantuna ita suke fara tambaya. A rubuta da Hausa da Turanci. Ƙara ajami ma ba asara ba ce, don akwai manyan 'yan kasuwa da shi suka fi karantawa.

Bayan samfur, sai abin da zai daɗe a gaban mutum. Kalanda mai kwanan watan Hijira da na Miladiyya takan shekara a bangon shago, lambar waya na ƙasanta. Amma a lura da lokaci: baje kolin Kano yakan zo ƙarshen shekara, daidai lokacin kalanda, na Kaduna kuwa yawanci sai shekara ta fara nisa, an riga an cika bango. A kuma guji buga aya ko sunan Allah a kan leda da takardar da za a iya yarwa a ƙasa. Mafici da faifai na masaƙan gida, da ɗan ƙyalle mai suna a jiki, suna da sauƙin ɗauka daga Mafara zuwa Kaduna ta Gusau da Funtuwa da Zariya, kuma kuɗinsu a gida yake tsayawa. Biro mai araha da ke ƙafewa a kwana biyu kuwa, sunan mai shi yake ɓatawa.

Rabon ma da tsari. Ɗanɗano na kowa ne, a faranti mai tsabta a bakin rumfa. Samfur da kalanda a ajiye su ciki, sai wanda ya tsaya ya tambayi farashin buhu, ya bar sunansa da lambarsa a littafi. Wannan littafin shi ne ribar tafiyar, muddin an buga wa mutanen waya cikin mako guda, kafin su manta.

Buga leda mai kyau yana da tsada ga mutum ɗaya, domin sai an buga da yawa farashi ke sauka. Ya kamata ƙungiyoyin manoma da masu casa na Mafara da Bakura da Maradun su haɗa kuɗi su buga leda iri ɗaya mai sunan Bakolori, kowa ya liƙa lambarsa, su kama rumfa guda a baje koli mai zuwa.