Gwamnati ta kama shi, gwamnati ta ba shi lauya

Ran Juma'ar da ta wuce, ina dawowa daga makaranta na tarar da gwaggona a ƙofar gida, idonta ya yi ja. An kama ɗanta a Bronx bisa zargin zambar banki, shari'ar kuma ta kotun tarayya ce. Ya ce mata an ba shi lauya kyauta.

"Kai ɗan nan, gwamnati ta kama shi, ita kuma za ta ba shi mai kare shi? Ai an ba kura ajiyar nama ke nan!"

Har ta fara cinikin filinta don a ɗauki lauya na kuɗi. Na ce, "Gwaggo, ki dakata tukuna."

A Amurka lauyoyin nan biyu ba gidansu ɗaya ba. Masu gabatar da ƙara suna ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Akwai gundumomin kotun tarayya 94, da manyan masu gabatar da ƙara 93, waɗanda shugaban ƙasa yake naɗawa da amincewar Majalisar Dattawa. Shi kuwa lauyan da ake ba marar hali, daga kasafin ɓangaren kotuna ake biyansa. Ba ya karɓar umarni daga mai tuhuma, kuma sirrin da aka faɗa masa amana ne a wuyansa. Tun 1938 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan haƙƙi a kotunan tarayya. A 1963 ta faɗaɗa shi zuwa na jihohi, albarkacin wani fursuna a Florida, Clarence Gideon, da ya rubuta kokensa da fensir.

Amma fa kada mu yaudari kanmu, ƙarfi yana hannun mai tuhuma. Shi yake zaɓar laifin da za a ɗora maka, kuma fiye da tara cikin goma na waɗanda aka samu da laifi a kotunan tarayya, amsawa suka yi ba tare da an yi zaman shari'a ba. Ana zama ne a daidaita: ka amsa wannan, a janye wancan. To a nan lauyan da kullum yake cikin kotun, ya san halin kowane alƙali, yakan fi wani mai tsada amfani, ko da yake aiki yakan yi masa yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, yaron ba ɗan ƙasa ba ne. Amsa laifi yana iya jawo a koro shi. Tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gargaɗi wanda yake karewa kan haka kafin ya amsa. A kotun shige da fice kuwa, ba dole ba ne gwamnati ta ba mutum lauya. Na ce mata can ne kuɗi za su yi rana.

Na kuma roƙe ta, in ya kira daga gidan yari, su tsaya kan gaisuwa da addu'a, don ana naɗar wayar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To bari in je in ce wa dillalin ya saurara."