Kalma guda, gaɓa uku: darasin Faransanci ga ƴan yaƙi da jahilci na Kurfai

Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci a Filinge ko ƙauyukan Dallol Boso ya saba da ƙa'ida guda: abin da ido ya gani, shi baki zai faɗa. A kan wannan aka shirya baƙaƙen harsunanmu a taron Bamako na 1966. Amma ranar da aka miƙa masa takardar Faransanci a ofis, sai ƙa'idar ta ƙi aiki, har ya zaci karatunsa ne bai nuna ba. Karatunsa lafiya lau yake. Hanyar rubutun ce ta bambanta.

Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci yana nan cikin harsunan aiki, kuma takardu da yawa da shi ake rubuta su. Saboda haka mu duba kalmar da ta fi shafar mai riƙe da takarda, wato signer, sa hannu.

Idan aka ce nous signerons, ana nufin “za mu sa hannu”. Gaɓoɓinta uku ne: si-gne-rons. Baƙaƙen g da n ba a raba su, sauti guda suke bayarwa, kusa da “ny” na kunya. Harafin s na ƙarshe ba a faɗinsa, on kuwa ta hanci yake fita. Wajen gini ma kashi uku ce: sign- shi ne tushe, -er- yana nuna lokaci mai zuwa, -ons yana nuna “mu”. Ke nan abin da Hausa ke sawa gaban aikatau, kamar “za mu”, Faransanci yana liƙa shi a wutsiya.

Ga inda ake tuntuɓe: je signe, tu signes, ils signent. Rubutu iri uku, amma aikatau ɗin lafazinsa ɗaya, gaɓa guda tak, domin -es da -ent ba a faɗinsu. A rubuce ne suke nuna mai aikin. Haka kuma j'ai signé, “na sa hannu”, daban yake da je signerai, “zan sa hannu”. A takardar bashi ko ta gona, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Kada Bakurfe ya ji kunyar wannan. Shi ma yana ganin “tafi” a littafi, ya ce “tahi”, bai ɓata ba. Ashe ya riga ya san rubutu da lafazi ba kullum suke tafiya tare ba.

Muna kira ga ma'aikata su riƙa karanta wa mutum takarda sannu a hankali, su fassara masa kafin ya sa hannu. Masu karatu kuma, ku duba wutsiyar aikatau tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.