Littattafan Fagen Fama da na Ɗakin Tiyata: Abin da Ya Kamata Malami Ya Sani

Gabatarwa

Shekaru uku bayan na ajiye aikin gwamnati, aka kwantar da ni a asibiti aka yi mini aikin kaba. Da na farfaɗo, sai na lura likitan da ya yi aikin ya zauna yana rubutu a fayil ɗina. Na tambaye shi, ya ce ƙa'ida ce, duk aikin da aka yi sai an rubuta abin da aka tarar, da abin da aka yi, da yawan jinin da ya zuba, domin wanda zai zo baya kada ya yi lalube cikin duhu. Wannan magana ta tuna mini da littattafan yaƙi da na daɗe ina karantawa. Da mai wuƙar tiyata da mai jan runduna, duka rayukan mutane ne a hannunsu, kuma kuskurensu ba ya gyaruwa. Saboda haka na ga ya dace in gabatar wa malaman makaranta da dattawa wasu daga cikin irin waɗannan littattafai, da yadda ya kamata a karanta su.

Littattafan yaƙi na ƙasarmu

Daga cikin mafiya daɗewa akwai littattafai biyu na Imam Ahmad bin Fartuwa, babban limamin Mai Idris Alooma na Barno. Ya rubuta na farko a 1576 a kan yaƙe-yaƙen Barno, na biyu kuma a 1578 a kan na Kanem. A cikinsu mai karatu zai ga yadda Mai Idris ya yi amfani da 'yan bindiga, da raƙuma, da manyan jiragen ruwa na ƙetare kogi, da kuma yadda ake yi wa gari mai ganuwa ƙawanya har ya gaji ya faɗi. H. R. Palmer ya fassara na farkon zuwa Turanci a 1926.

Tarihin sarakunan Kano, wanda fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ba littafin yaƙi ne zalla ba, amma yana ɗauke da bayanin makamai. Shi ne ya gaya mana cewa a zamanin Sarki Kanajeji aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a Kano, kuma a zamanin Sarki Kumbari aka kawo garkuwoyi daga ƙasar Nufe tare da bindigogi.

A kan jihadi kuwa, babu kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na 1813. Dukansu biyu sun halarci fagen fama da kansu. Bello ya bi yaƙe-yaƙen ɗaya bayan ɗaya, tun daga nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804 har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye ranakun wuya ba. Ya faɗi asarar da jama'ar Shehu suka yi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da dama suka rasu, da kuma karyewar da aka yi a Alwasa a 1805. Har ila yau ya sanya wasiƙun Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Barno, waɗanda suke ƙalubalantar hujjar yaƙin, tare da amsoshinsu. Malam Abdullahi shi ma ya bayyana ɓacin ransa da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, har ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya a Kano.

Zuwan Turawa shi ma ya bar nasa rubuce-rubucen. Rundunar Kanar Morland, wadda ba ta kai mutum dubu ba, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan ranar 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi. Rahotannin hafsoshin Turawa sun ba da lissafin sojoji da bindigogi dalla-dalla. Littafin D. J. M. Muffett na 1964 ya ƙara da bakin tsofaffin da suka ga abin da idonsu. Na R. A. Adeleye na 1971 ya duba lamarin daga ɓangaren Daular, shi kuwa Joseph Smaldone a 1977 ya yi bayanin tsarin runduna, da dawaki, da ribaɗi.

Littattafan tiyata

Kalmar tiyata aro ce daga Turanci, daga sunan ɗakin da ake yin aikin, amma shi aikin ya girmi kalmar nesa ba kusa ba. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta littafi mai suna At-Tasrif mai kashi 30. Kashi na ƙarshe a kan tiyata yake, da zanen kayan aiki kusan 200. Ya raba shi gida uku: magani da ƙarfe mai zafi, sai tsaga da fitar da jini da ɗinkin rauni, sai ɗorin karaya da gocewar ƙashi. An fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi. A cikinsa akwai babi guda a kan cire kibiya daga jikin mutum, inda ya ba da labarin waɗanda ya yi wa aikin da hannunsa. A nan ne littafin yaƙi da na tiyata suka haɗu, domin inda marubucin yaƙi ya tsaya da cewa an harbi wane, daga nan likita ya ɗauka.

Duk Bahaushen da ya dubi wannan rabo na gida uku zai tuna da sakiya, da ƙaho da kaciya da cire beli na wanzamai, da kuma aikin maɗora. Bambancin shi ne su namu ba su rubuta ba, gado ne daga uba zuwa ɗa. Malamanmu sun yi rubutu a kan magani, kamar Muhammadu Bello da ya wallafa a kan ciwon ido da kuma basir, da Malam Abdullahi mai Masalihul Insani, sai dai aikin aska ya zauna a hannu da baki kawai.

Yadda ya kamata a karanta su

Da farko, malami ya tambayi kansa wa ya rubuta, kuma wa yake yi wa hidima. Bin Fartuwa limamin fada ne, ba za a sa ran ya zargi ubangidansa ba. Gobirawa ba su bar mana littafi irin na Bello ba, nasu labarin yana bakin makaɗa da maroƙa da tsofaffi, don haka a neme shi can. Hafsan Bature kuma rahoto yake aika wa na gaba da shi, yana neman yabo da ƙarin girma.

Na biyu, a yi hattara da alƙaluma. Yawan abokan gaba da aka kashe kirdado ne, kuma kowane marubuci yakan kumbura na abokin gaba ya rage nasa.

Na uku, a nemi abin da aka tsallake. Sojojin da suka harba bindigogin Morland yawancinsu 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da sauransu, amma sunayen hafsoshi Turawa ne suka cika littattafai. Haka nan mata, da bayi masu dakon kaya, da manoman da aka cinye wa rumbu, da ƙyar ake jin ɗuriyarsu.

Kammalawa

Lokacin da nake aiki a wata ƙaramar hukuma, wani dattijo ya kai ni ɗakinsa ya buɗe mini adakar kakansa, wadda ya ce akwai labarin yaƙin garinsu a ciki. Muka tarar gara ta riga mu, sai gefen takardu da ƙasa. Shi ma dattijon bai san abin da aka rubuta ba, domin bai taɓa sa an karanta masa ba. Ina roƙon duk mai irin wannan ajiya ya kai a ɗauki hotonta a Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko hukumar tarihi ta jiharsa. Ku kuma malamai, ku tura ɗalibanku wurin Sarkin Aska da maɗorin unguwa da takarda da biro, su rubuta sunan kowane ƙarfe da ke cikin zabira da aikinsa, tun masu sanin suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.