Hunturu a Maiduguri: Tsadar Gwanjo da Kasuwar Masu Saƙa

Daga Disamba zuwa Janairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Maiduguri da hazo. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Afrilu, sai ga shi da asuba ya sauko ƙasa da 15. Direban Keke Napep ya ja hular sanyi har kunne, uwa ta naɗe jariri cikin suwaita.

Shekara da shekaru gwanjo ne ke rufa wa talaka asiri. Idan aka fasa dila a kasuwar Monday Market, har jaket ɗin da aka ɗinka wa masu wasan sulu a ƙanƙarar Turai kan faɗo, mai auduga a ciki da zif har wuya. Doka ta hana shigo da gwanjo Najeriya, amma kayan na biyowa ta Kwatano, kuma da dala ake sayensu.

Nan gizo ke saƙar. A Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, kuɗin dako ya tashi. A Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kafin nan gobara ta cinye Monday Market ranar 26 ga Fabrairun 2023, sannan ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024 ta shiga shaguna da gidaje, ta lalata haja da suturar jama'a. Buƙata ta ƙaru, jari ya karye, dila ta yi tsada.

Wannan ya buɗe ƙofa ga matan da ke saƙa hula, safa da rigar jarirai a cikin gida, da telolin da ke ɗinka rigar sanyi daidai jikin mai ita. Gwaninta ba ta yi ƙaranci ba: garin da matan da rikici ya koro daga Bama ke ɗinka hular Zanna Bukar da allura, saƙa ba za ta gagare shi ba.

Sai dai ƙofar ba ta da faɗi. Sanyin bai wuce wata uku ba, wanda ya zuba jari a keken saƙa sai ya nemi abin yi sauran shekara. Zaren ulu da zif su ma farashinsu na bin dala, ga kuma sababbin kayan Sin masu araha.

Saboda haka ribar mai saƙa a yau aro ce daga tsadar gwanjo. Za ta ɗore ne kawai idan masu sana'ar suka haɗu suna saro zare a dunƙule daga Kano, suka kuma nemi cinikin suwaitar makarantu tun kafin damina ta ɗauke.