Yawan Faranta Haƙora: Ina Ribar, Ina Asarar?

Gabatarwa

Hausawa ba baƙi ba ne a wajen kwalliyar baki. A da, mata kan goga furen taba su haɗa da goro don haƙora su yi ja, kuma ado ne a wancan zamani. Yanzu ido ya koma kan fari tas, har ta kai wasu na maimaita faranta haƙoransu duk bayan ƴan makonni. Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana wa ƴan'uwana ɗalibai abin da wannan maimaici yake yi wa ɓawon haƙori, wato abin da likitoci ke kira inamel.

Mene ne inamel?

Inamel shi ne farin ɓawon da ya lulluɓe ɓangaren haƙori da muke gani. Duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne, galibi kalsiyam da fosfet. Amma kaurinsa bai wuce milimita 2.5 ba a inda ya fi kauri. A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai launin ruwan ɗorawa, wanda ke cike da ƙananan kafofi masu kaiwa ga jijiyar haƙori. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, inamel ba shi da ƙwayoyin halitta masu rai. Fata kan warke, ƙashi kan ɗoru, amma inamel in ya zaizaye ba ya sake tsirowa.

Hanyoyin faranta haƙora

Hanya ta farko ita ce ta sinadari. Ana shafa haidirojin ferokzayid ko ɗan'uwansa kabamaid ferokzayid, ya ratsa inamel, ya wargaza abubuwan da suka rina haƙorin daga ciki. Likitoci biyu a Amurka, Haywood da Heymann, su suka yaɗa dabarar kwana da maganin a baki a shekarar 1989. Hanya ta biyu ita ce ta kankara, wato goge dattin saman haƙori da abu mai kaushi kamar gawayi ko toka. Ta uku ita ce ta tsami, kamar shafa ruwan lemon tsami.

Illar maimaici

Idan likita ya yi aikin sinadari bisa ƙa'ida, canjin da inamel ke samu kaɗan ne, kuma yawu kan mayar masa da ma'adinan da ya rasa cikin ƴan kwanaki. Matsalar tana tasowa ne idan aka sake shafawa kafin haƙori ya huta, ko aka yi amfani da magani mai ƙarfi fiye da kima. A nan saman inamel kan yi laushi da kaushi, shi kuwa wuri mai kaushi ya fi saurin kama launin goro, shayi da taba. Sai mutum ya ga haƙoransa sun sake dafewa, ya ƙara shafa magani, abin ya zama jiya i yau.

Tsami ya fi muni. A ma'aunin tsami na pH, inamel yana fara narkewa daga 5.5 zuwa ƙasa, alhali ruwan lemon tsami yana tsakanin 2 da 3. Shi ma gawayi, wani nazari da mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai sami isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfaninsa ko rashin illarsa ba.

Idan inamel ya sirance, dantin yakan bayyana, haƙori ya ƙara yin ɗorawa-ɗorawa, bakinsa ya koma kamar gilashi, ruwan sanyi ya riƙa tsira wa mutum har ka. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Saboda irin wannan haɗari ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 2011: abin da za a sayar wa kowa kada ferokzayid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ban da wanda bai kai shekara 18 ba.

Kammalawa

Shawarata ita ce, kafin komai a bari likitan haƙori ya duba musabbabin rinewar. Ta goro da shayi wankin asibiti kan isa ya fitar da ita, amma wadda ta samo asali daga yawan fuloraid a ruwan sha ko shan maganin tetirasaikilin a yarinta, a cikin haƙori take, kankara ba ta kai mata. A riƙa goge baki sau 2 a rana da burushi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, a kuma jira aƙalla minti 30 bayan shan abu mai tsami kafin a goge. Lafiyayyen haƙori ba fari fat ba ne tun asali, kuma wanda muke da shi yanzu shi za mu tsufa da shi.