Yaron da ba ya magana ma yana ci gaba

Idan yaro ya shekara huɗu ko biyar bai ce "Umma" ba, tambaya ɗaya ake yi wa uwarsa a gidan suna da gidan biki: "Har yanzu bakinsa bai buɗe ba?" Ta ce bai buɗe ba, a ce Allah ya kawo sauƙi, a shiga wata hira. Ba mai tambayar ko ya fara kai loma baki da kansa, ko yana waiwayowa in an kira sunansa. Alhali ga yaro mai lalurar otizim mai tsanani, wadda ake yawan kira galahanga, nan ne ci gaban yake. Auna shi da magana kaɗai tauye masa haƙƙi ne, shi da masu rainonsa.

Tun 1943 likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kimanin yaro 1 cikin 100, kuma kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na masu ita ba sa magana, ko kalmominsu ba su taka kara sun karya ba. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado kuma na da babban hannu a ciki. Sakacin uwa ba ya kawo ta, haka ma allurar rigakafi: binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

A duba yaron da ƙishirwa ta kama. Da farko ihu zai yi, ya buga kansa da bango, gida ya rasa gane bukatarsa. Bayan watanni sai ya kama hannun uwarsa ya ja ta gaban randa, ya ɗora hannun a kan murfi ba tare da ya dube ta ba, kamar hannun wani kayan aiki ne. Wata rana kuma ya ɗauko moɗa ya miƙa mata, ya ɗaga ido ya kalli fuskarta. Baƙo ba zai ga komai a nan ba. Amma yaron ya gano cewa akwai mutum a gabansa wanda za a iya isar wa da saƙo, kuma masana sun daɗe da lura cewa nuni da yatsa da haɗa hankali da wani a kan abu guda na cikin alamun da ke gabatar magana. Haka zaman aski gaban wanzami ba kokawa, da barcin dare cikakke, da faɗin bukatar ban-ɗaki, duk ci gaba ne. Tsayawa in an ce "tsaya" kuwa rai yake ceta, don yaran nan suna yawan sulalewa daga gida, ga titi ga rijiya.

Wani zai ce wannan rarrashin kai ne, iyaye sun fid da tsammani suna murna da abin da bai kai ya kawo ba. Binciken da mujallar Pediatrics ta buga a 2013 ya duba bayanan yara 535 masu lalurar da suka kai shekara huɗu da jinkirin magana mai tsanani, sai aka tarar kashi 70 cikin 100 suna haɗa kalmomi zuwa shekara takwas. Ke nan ƙofa ba ta rufe da wuri. Gaskiya ne kuma wasu ba za su taɓa magana ba, kuma ɓoye wa iyaye haka yaudara ce. Sai dai ta kowace fuska aikin ɗaya ne: uwar da ta lura da ƙaramin mataki ita ce ta san abin da za ta maimaita gobe. Wadda aka sa ta jiran kalma kawai, gajiya za ta yi, ta kwashi kuɗi ta kai wa mai cewa zai cire aljani a kwana uku.

Akwai kuma masu tsoron cewa koya wa yaro alamun hannu ko miƙa hoto zai sa ya yi ƙyuyar magana. Tsarin musayar hotuna da Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a 1985 an gwada shi shekara da shekaru, ba a ga ya hana magana ba, wasu yaran ma ya taimaka musu. Hoton kofi da na kwanon tuwo a liƙe a bango sun isa farawa.

Iyaye su fara da gwajin ji, don kurumta na iya kama da wannan, sannan su ga likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, musamman in akwai farfaɗiya, wadda ke yawan zuwa tare da lalurar. Ku kuma dangi da maƙwabta, in kun haɗu da uwar, ku tambaye ta sabon abin da yaron ya koya a watan nan, sannan ku karɓar mata rainon ko na awa biyu ne ta samu ta runtsa.