Damina ko Rani: Wace Tafiya Ta Fi a Ƙasar Katagum?

Hadarin da ke haɗowa daga gabas da la'asar a watan Agusta, ya rufe Azare, ya zubar da abin da zai zubar ya wuce yamma, tafiyarsa ba ta ƙarewa a Kano ko Sakkwato. Masana yanayi sun daɗe da gano cewa iskar da ke ɗauko irin wannan hadari tana ratsa Sahel duk bayan 'yan kwanaki, ta faɗa teku ta wajen Senegal, kuma da yawa daga cikin manyan guguwar tekun Atlantika daga gare ta suke tasowa. Shi ya sa lokacin guguwa a can, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya kusa dacewa da daminarmu. A wannan lokacin ne kamfanonin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, masu tashi daga Miami zuwa Bahamas da Jamaika, suke karya farashi, jama'a kuma su yi ta muhawara: a shiga don araha, ko a haƙura sai teku ya kwanta?

Mu ba mu da teku, kuma ba kasafai muke tafiya don shaƙatawa kawai ba. Amma duk wanda ya taɓa sa ranar biki a ƙauyukan Zaki, ko ya yi niyyar kai iyali ganin gida Gamawa, ko Itas, ko Gadau, ya san wannan muhawara. A kama hanya da damina, ko a jira a ɗauke ruwa?

Kogi ne ke yanke rabin hukuncin. Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga daga sama, yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya gangaro arewa maso gabas ta Jama'are, ya bi ta gefen tsohon birnin Katagum, ya je ya haɗu da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe. Shi kogin Haɗeja an yi masa linzami da madatsar Tiga tun 1974 da ta Challawa a 1992. Na Jama'are kuwa, madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana magana ba a kammala ta ba, don haka abin da sama ta zubar shi yake kawowa, a lokacin da ya ga dama. Wannan yana da amfani ga mai noman fadama da masunci, domin ambaliyar nan ce ke rayar da su. Ga matafiyi kuma yana nufin ruwan da zai tare shi a mashigi ba lallai ne a Katagum ya sauka ba. Sama tana iya kasancewa tas, rana na dukan ƙeya, kogi kuma ya kawo cikin dare saboda ruwan da aka tafka a wajen Ningi kwanaki kafin nan.

Mu fara da hanya. Da damina, burjin ƙauye yakan koma taɓo, ƙasar fadama mai danƙo ta riƙe tayar mota, ɗan acaɓa ya sauke fasinja su tura tare. Kwalta ma ba ta tsira ba. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum, hanyar da ke ɗauke da kayan Yobe da Borno, sai da manyan motoci suka koma zagaye mai nisa. Shekaru biyu kafin haka, a ambaliyar 2022 da ta kashe mutane sama da 600 a faɗin Najeriya, Zaki da Gamawa na cikin wuraren da suka fi jin jiki a Jihar Bauchi. Da rani kuwa ƙasa ta bushe, hanyoyin ratse sun buɗe, inda ake fito da kwale-kwale a Satumba sai ka ga babur yana ƙetarewa a kan yashi a Maris. A nan kam rani ya yi gaba, ba gardama.

Sai dai busasshiyar hanya tana da nata sharrin. Direban da taɓo ya koya wa haƙuri a Agusta shi ne zai taka mota iya ƙarfinta a Disamba, lokacin da lodi ya yawaita, kowa na son ya yi sawu biyu a wuni. Ga hazo da ke rufe ido har jiragen sama su kasa sauka a Kano, ga ƙurar tirela da ke makantar da na baya. In bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, kwalta ta yi zafi, tsohuwar taya ta fashe ana cikin gudu. Haɗarin damina yana sanarwa kafin ya zo: ana ganin gajimare, ana jin iska ta juya, ana ganin kogi ya yi ja. Na rani ba ya sallama, kuma wannan bambanci ya fi girman yadda muke ɗaukarsa.

Game da fito, kowa zai ce ai da damina ake kifewa. Gaskiya ne ruwa ya fi ƙarfi a lokacin, yana ɗauko itatuwa, kuma iskar da ke gaban hadari tana iya juya kwale-kwale cikin ƙiftawar ido. Amma a duba wasu daga cikin haɗurran da suka fi girgiza mu. A Nuwamban 2020 kwale-kwale ya kife a kogin Buji cikin ƙaramar hukumar Itas/Gadau, mutum 18 suka rasu, kuma gona za su. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ya nutse a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Maulidi. Duka biyun bayan an ɗauke ruwa ne. A na Bagwai abin da aka fi ambata shi ne lodi fiye da kima. Ke nan damina tana ƙara wa kogi ƙarfi, amma cika jirgi har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, waɗannan ba su da wata a kalanda. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare kuma ta wajabta rigar kariya, sai dai dokar da aka rubuta a Lakwaja tana daɗewa kafin ta iso ƙaramin mashigi a bayan Katagum.

Akwai ma wani abu da nake ganin damina ta fi rani da shi a bakin ruwa. Lokacin da kogi ya tumbatsa, mutane suna jin tsoronsa, kuma suna sauraron masu fito. In tsohon mai fito ya dubi gabas ya ce, "Malam, a dakata tukuna," ba mai ja da shi, ko da mai rawani ne. Da kaka, ruwa ya ja baya ya yi luf kamar ba ya cin mutum, sai ka ji fasinja ne ke matsa wa mai jirgi: "Haba Baba, ƙara mutum biyu mana, ai kusa ne."

Ta fuskar lafiya kusan kunnen doki ne. Damina ta sauro ce da zazzaɓin cizonsa, da amai da gudawa in ambaliya ta shiga rijiyoyi. Yaron da aka taso da shi daga birni zuwa ƙauyen bakin fadama ba tare da gidan sauro ba, an saka shi a gaba. Rani kuma na tari ne da ciwon ƙirji a hunturu, sai sanƙarau da ƙyanda in zafi ya kama. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe mutane sama da 11,000 a Najeriya, da rani ta zo. Tarihin Katagum ma yana da abin faɗi a nan. Turawan nan biyu, Hugh Clapperton da Dakta Walter Oudney, sun taso daga Kukawa a Disamban 1823, wato sun zaɓi lokacin da fatake ke zaɓa, hanya a bushe, koguna sun janye. Sun iso Katagum a farkon Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, birnin na kewaye da ganuwa. Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, sanyin hunturun hanya ya ƙara kwantar da shi, ya rasu a Murmur ranar 12 ga Janairu, Clapperton ya ƙarasa Kano shi kaɗai. Inda damina ta fi muni shi ne idan ciwon ya riga ya zo: mai naƙuda ko wanda maciji ya sara a ƙauyen da ruwa ya zagaye, asibitin Azare ya yi masa nisa ninki biyu.

Kuɗi kuma a nan lissafinmu ya saɓa da na masu shiga jiragen Miami. Su araha ce ke jan su zuwa lokacin guguwa. Mu damina ce lokacin tsada: rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya hau, kuɗin mota ya ƙaru saboda zagaye da gyara, ga kuɗin fito a kai. Mai masaukinka ma yana gona tun asuba, baƙo a lokacin nauyi ne ko da ba a faɗa ba. Bayan girbi kuwa gero da dawa da wake sun shigo, an sayar da riɗi, aljihu ya yi nauyi, hannu ya sake. Ba banza ba aka saba tara bukukuwa a kaka da rani, kuma ba banza ba fatake da 'yan cin rani suke jiran a kai amfanin gona gida kafin su ɗaura kaya.

To me ya rage wa damina? Ƙasar kanta. Wanda bai san Katagum ba sai a watan Maris, ya san ƙura da karan dawa da busasshen rafi, sai ya ɗauka iyakarta ke nan. Bai ga fadama ta cika ta zama madubi ba, shinkafa ta yi kore har iyakar gani, bado ya buɗe, ɗorawa da tsamiya sun wanku, shanu sun murmure, nono ya yi araha, masunta na fitowa da tarwaɗa tana motsi. Bai shaƙi ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ba. Yaran da aka haifa a Abuja ko Legas, in ba a taɓa kai su gida da damina ba, ba za su gane me ya sa Malam Zaki ya kafa birnin Katagum a bakin wannan kogi ba, ko me ya sa kakanninsu suka ƙi barin wurin duk da ambaliya, har bayan da aka mayar da fadar sarki Azare a farkon mulkin Turawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, kuma dogon hutun makaranta a Agusta yake faɗowa.

A nan ne labarin jiragen can yake da amfani. Abin da ke sa babban jirgin shaƙatawa ya iya fita a lokacin guguwa shi ne yana da labarinta kwanaki kafin ta iso, kuma yana da ikon kauce mata. Kyaftin yakan sauya tsibiri, ko ya ƙara kwana a teku, kuma fasinja ya amince da haka tun a takardar tikiti. Wanda ke shan takaici shi ne wanda ya ɗaura zuciyarsa a kan tsibiri guda da rana guda. Kuma ko da hakan ba a tsira ɗungurungum ba: a Oktoban 1998 jirgin Fantome ya sauke fasinjojinsa a Belize ya fita don kauce wa guguwar Mitch, ya ɓace da ma'aikatansa 31. Masu yawon sun koma gida, masu aikin ne suka tafi. Haka yake a mashiganmu. Baƙo sau ɗaya zai ƙetare, mai fito da manomin da gonarsa ke tsallake kullum ne.

Mu ma ba mu rasa labari ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa, rediyo na faɗa, kuma kiran waya guda zuwa ga ɗan'uwa a ƙauye ya isa ka san ko kwalbati na nan ko ya tafi. Abin da muke yawan rasawa shi ne ikon fasa tafiya. An sa ranar ɗaurin aure, an raba goro, wa zai ce ba za shi ba saboda hadari? Ga kuma watannin Musulunci da ke ja baya da kimanin kwana 11 duk shekara, suna yawo da Sallah da Maulidi cikin yanayi. A 2024 da 2025 Maulidi a Satumba ya faɗo, daidai lokacin da kogi ke kan ganiyarsa. Irin wannan ba zaɓin kowa ba ne.

Da na auna duka, ga inda na tsaya. Duk tafiyar da ke da rana tsayayya kuma za ta tara jama'a, biki ne, ko walima, ko kai amarya tsallaken kogi, in da hali a sa ta daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafi ya kama, tare da sanin cewa hanyar rani tana buƙatar direba mai hankali da taya mai kyau, kuma jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka ko da ruwa ya kwanta. Tsofaffi da marasa lafiya da masu juna biyu ma rani ya fi musu. Damina kuma ta mutumin da zai iya ba da kwana biyu kyauta ce: ya tashi da safe tunda hadari ya fi haɗowa da yamma, ya tambaya kafin ya fita, ya kwana a Azare in an ce kogi ya kawo, ya juyo ba tare da jin kunya ba. Hanyar lafiya, an ce, a bi ta da shekara. Mai irin wannan hali ina ba shi shawara ya je, ya kai 'ya'yansa ma, domin abin da zai gani rani ba shi da shi.

Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda ba a tambaye su damina ko rani ba: mai kai ciyawa da taki tsallake, 'yan makarantar da kogi ya raba da ajinsu, matan da ke kai nono kasuwa. Su rigar kariya suke buƙata a kowane mashigi, da mutum guda da sarkin ruwa ko dagaci zai ɗora wa alhakin ƙirga masu shiga, da kwalbatocin da aka auna su da ruwan Agusta. A cikin ukun nan, biyun farko ƙaramar hukuma da masarauta za su iya yin su kafin damina mai zuwa.